CAKIN DA YA BIYO NI MAIGATARI

Yau labarin wata 'yar takarda zan ba ku, wadda ba ta fi tafin hannu biyu ba, amma ta hana ni barci har kwana goma sha ɗaya.

Ni dai koyarwa nake yi a wata firamare a cikin garin Gumel. Da aka buɗe iyakar Maigatari a watan Disamba na 2020, bayan rufewar da aka yi tun Agusta 2019, sai harkar maigida ta dabbobi ta fara motsi, har ya ga zirga-zirgar ta yi masa yawa. A farkon 2022 muka kwashe ya-namu-ya-namu muka koma Maigatari, ni kuma na ajiye aiki saboda goyo. Kun dai san tashi daga gida. Ana ta kwanuka da katifa da kaji, wa yake ta takardu? Na tattara nawa na cusa a wata jaka, ban ƙara bi ta kansu ba.

Wata Alhamis, 1 ga Satumba, ranar da kasuwar Maigatari take ci, garin ya cika maƙil da raƙuma da shanu da mutanen Nijar, sai ga yaro ya yi sallama wai ana kiran matar gidan. Ashe mijin matar da ta shiga tsohon gidanmu na Gumel ne ya zo cin kasuwa, ya taho min da ambulan. Ya ce, "Malama, ki yi haƙuri, tuntuni aka kawo, ta saƙale shi a bayan kalanda ta manta." Na buɗe, sai ga wasiƙa cewa an yi kuskure an yanki haraji fiye da ƙima a albashina na wasu watanni, ga caki nan na naira 46,800 an mayar min.

Wallahi sai da na zauna. Tun da na bar aiki ban riƙe kuɗin da zan ce nawa ne na gumina ba, ga zubin adashe biyu ana bina. Har dariya ta kama ni, na ce ikon Allah, sai da na zo garin da aka kafa yankin ciniki maras haraji tun zamanin Gwamna Saminu Turaki, sannan kuɗin haraji ya biyo ni. Kodayake wannan rangwamen na kamfanonin da ke cikin yankin ne, ba na malamar firamare ba.

Da daddare na nuna wa maigida. Shi mutumin kasuwa ne, tsabar naira da sefa ya sani, a ƙirga a sa a aljihu. Ya jujjuya takardar ya ce, "To ki ba yaron nan mai POS na bakin tasha mana, ya cire nasa ya ba ki naki." Ƙaninsa da ya yi karatu a Dutse shi ya karɓa ya duba, ya ce, "Yaya, wannan ba ya ciruwa a hannu. Ka ga layi biyun nan da aka ja a kai? Ma'anarsu sai dai a zuba shi a asusun mai sunan." Sannan ya ɗora yatsa a kan kwanan wata ya dube ni ya ce, "Anti, 14 ga Maris aka rubuta. Caki wata shida yake yi ya mutu. Saura miki kwana goma sha uku."

Gabana ya faɗi. In ya mutu, sai na koma ofishin da ya rubuto shi na roƙi sabo, kuma wanda ya taɓa bin haƙƙinsa a ofis ya san takalmi nawa ake kashewa.

Litinin da sassafe na nemi izini, na goya 'yata, na shiga motar Gumel. Daminar 2022 kuwa ba sai na faɗa muku ba, shekarar da ambaliya ta yi ɓarna a Jigawa ce, ranar ma da yayyafi muka fita. Na bi layi har azahar ta kusa. Fargabata ita ce kada a ce asusun ajiya ba ya karɓar caki, don haka na taso ina ji. Yarinyar da ke kanta ta ce ai tun 2016 Babban Bankin Najeriya ya yarda a zuba caki a asusun ajiya muddin yana haɗe da BVN, kuma bai wuce naira miliyan biyu ba a rana. Na ce alhamdu lillahi. Ta danna kwamfuta, ta dubi cakin, ta sake duban kwamfutar, sannan ta ce, "Hajiya, wace ce wannan?"

Na ce, "Ni ce mana."

Ta ce, "A'a. Sunan da ke caki daban, wanda ke asusu daban."

A nan ne na tuna aika-aikar da na yi da hannuna. Duk takardun makarantata da na aiki sunana ne da na mahaifina. Amma da na ajiye aiki sai na ga ƙawaye kowa na liƙa sunan miji, ni ma ɗoki ya ɗebe ni, na je na sauya a banki na sa na maigida. Ba wanda ya sa ni, shi kansa bai nema ba. Su kuwa ofis da sunan Baba suka san ni, da shi suka rubuto. Ga ni tsaye da raina da lafiyata, amma a wurin kwamfuta mata biyu ne, ɗaya tana da caki ba ta da asusu, ɗaya tana da asusu ba ta da caki.

Ta ce na kawo takardar rantsuwar kotu da na yi lokacin sauyin, da katin ɗan ƙasa, sannan tunda na ce na tashi, na cike fom na sabon adireshi na haɗo da takardar kuɗin wuta. Ban ga laifinta ba ko kaɗan. Da a ce wata ce ta tsinci ambulan ɗin a bayan kalanda ta zo da shi, ai irin wannan tsaurin nake so a yi mata.

Na koma gida na zazzage ɗaki. Jakar nan da na cusa takardu ashe a ƙasan buhunan gero aka jefa ta a ɗakin ajiya, danshi ya shiga, gara ta yi walima. Takardar shaidar kammala karatuna Allah Ya tsare ta saboda tana cikin leda, amma ta rantsuwar ba abin da ya rage sai hatimi da rabin sunana. Na zauna a ƙasa na yi kuka mai isata, ba ma don kuɗin ba, don haushin kaina.

Laraba na sake komawa Gumel, na biya ta gidanmu don Baba ya raka ni kotu. Da na ba shi labari bai yi faɗa ba, sai ya yi murmushi ya ce, "Ashe sunan nawa yana da sauran amfani." Wannan maganar ta fi bulala zafi. Inna kuwa cewa ta yi, miji ana iya rabuwa da shi, Allah Ya kiyaye, amma ba ta taɓa jin an saki uba ba. Aka rubuta sabuwar rantsuwa cewa mai suna kaza da mai suna kaza duk mace ɗaya ce, na biya, aka buga hatimi. Takardar wuta kuma da sunan mai gidan hayarmu take, sai da maigida ya je har rumfarsa ya karɓo.

Juma'a 9 ga wata na isa bankin tun ba a buɗe ƙofa ba. Aka karɓa, aka sa na rubuta sunana da lambar waya a bayan cakin, aka ba ni 'yar takardar shaida, aka ce na jira sai bankin da ya fito daga gare shi ya amince. Asabar da Lahadi nan wayar ba ta bar hannuna ba, ko tuwo nake tuƙawa tana ɗaure a bakin zane. Litinin bayan la'asar ina tankaɗe na ji ƙit. Na duba da hannu duk gari, ga su nan sun shigo, saura kwana biyu cakin ya mutu.

Da na yi lissafi, kuɗin mota zuwa uku da na kotu da hoto sun ci wajen dubu biyar. Na biya adashe, ranar Alhamis kuma na ba maigida ragowar ya sayo min 'yar tunkiya a kara. Ta haihu sau uku yanzu. Baba in ya zo sai ya leƙa turke ya tambaya, wai tumakin nan da sunan wa aka rubuta su.