Aji a Gindin Gawo

A watan Maris na 2020, da annobar korona ta sa aka rufe makarantu a Nijar, na bar Maraɗi na koma ƙauyenmu kusa da Gazawa. Malaminmu ya ci gaba da turo darasi ta WhatsApp. Rezo kuwa ba ya kamawa sai a kan tudu, a gindin wani gawo, don haka can na mayar ajina.

Darasin tsawon wasali ya fi ba ni wuya. A rubuce, garin da ake zama da garin tuwo duk "gari" ne. Kunne kaɗai ke raba su. Nakan sauke muryar malam da asuba, in saurara, sannan in bi Baba sharar gona.

A aji, malam kan ga ruɗewa a fuskar ɗalibi ya maimaita bayani. Daga nesa ba mai ganin fuskata. Kunya ta sa na yi shiru mako biyu, har na faɗi gwajin farko. Tun ranar nake aika tambaya da muryata, ko abokai za su yi dariya. Mai karatu daga nesa, in bai ce bai gane ba, ba wanda zai sani.