Fasali a kan Yaron da Nauyin Gida Ya Faɗo wa

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Bayan haka, ya kai ɗan'uwa mai karatu, ko almajiri ne kai ko ɗan kasuwa, saurara in ba ka labarin kaina, la'alla ka sami abin riƙewa.

A shekarar 1973, shekarar fari, ina da shekara 16, ina zaune a wani ƙaramin gari na ƙasar Gumel wanda mota ba ta shigarsa sai ranar kasuwa. Na sauke Alƙur'ani, zuciyata kuwa ta rataya ga Zariya, domin in zauna gaban malamai in karanta littattafai. Ina cikin ƙirga kwanaki sai mahaifina ya rasu, Allah ya jiƙansa. Ya bar mahaifiyata da ƙannena 4 da rumfar gishiri da kanwa, gero kuma ya ƙone a gona tun bai fid da kai ba.

Kwana 40 na yi ina jiran wani babba ya ce ga yadda za a yi. Kowa ya yi ta'aziyya ya koma ga nasa rumbun, wanda shi ma wayam yake. Sai abokin karatuna ya zo ya ce gobe mota za ta tashi. Inna, wadda ba ta kiran sunana saboda kunyar ɗan fari, ta ce: "Kai wannan, in tafiya za ka yi, na yafe maka."

A daren nan na kunna fitila na buɗe littafin bashin mahaifina. Lissafinsa duka da fam da sule yake, alhali a farkon shekarar aka sauya kuɗi: fam 1 ya zama naira 2, sule 1 ya zama kwabo 10. Ina juya lissafin sai na ga wani fatake yana bin sa fam 9 da sule 5, wato naira 18 da kwabo 50. Na tambayi kaina: in na hau motar nan, wa zai sauke wannan daga wuyan mamaci? Ban sami suna ba sai nawa.

Da hantsi mota ta tashi, ni kuwa na share rumfa. Wata 7 na yi kafin in biya bashin.

Ba zan ɓoye maka hasarar ba: ban taɓa zama Zariya ba, kuma abin da abokina ya karanta cikin shekara 3 ni sai da na yi 10 ina bin sa da dare a zauren limaminmu. Amma ƙannena ba su watse ba.

To, ka sani, ya ɗan'uwana, jiran wani ya ɗauki kayanka shi ma zaɓi ne, kuma ƙannenka ne ke biyan kuɗinsa. Mutanen da suka ce babban wa magajin uba ba su ƙayyade masa shekaru ba. In nauyi ya faɗo maka a garin da kake son bari, buɗe littafin tukuna, ka ga abin da ake bin gidanku, sa'an nan ka yanke.

Allah ya sa mu dace. Tammat bi hamdillahi.