Wanda Ya Ci Ya Zauna

Gem bai shigo ƙauyukanmu na kudancin Jigawa ta ƙofar masu kuɗi ba. 'Yan ci-rani ne suka kawo shi a ƙasan jaka, tsakanin turmin atamfa da rediyo mai kaset, in sun dawo daga Kano ko Legas gab da faɗuwar damina. Tsakiyar shekarun 1990 ke nan, jihar tana ɗanya shataf, don sai a watan Agustan 1991 aka yanke ta daga Kano, kuma a bakin dattawan ƙauyenmu Unguwar Ya in an ce wane ya tafi birni, Kano ake nufi, ba Dutse ba. Wanda ya fara shigowa gidanmu Kawu ne ya sayo shi a kasuwar Sabon Gari: wani ɗan akwatin roba mara nauyi, da hannaye biyu, da bindigar roba, da kaset rawaya guda ɗaya.

Mu a ganinmu ƙarshen zamani ne ya zo. Ashe kwaikwayon Famicom ne, na'urar da kamfanin Nintendo ya fitar a Japan tun 1983, masana'antun Taiwan da Sin suka yi ta buga irinta suna turawa ƙasashen da ba su iya sayen ta asali. Super Mario ɗin da muke rububi a kai ya fito tun 1985, ya girmi yawancinmu. Shi ya sa in na ji ana mamakin yadda mutane ke komawa tsohon gem sai in yi murmushi. Mu tun asali tsohon muka sani. Ba a taɓa yin lokacin da sabo ya iso mana da zafinsa ba.

Gidanmu babu wutar NEPA a lokacin. Wani mai gyaran rediyo ne ya yi dabara ya haɗa gem ɗin da batirin mota, tare da ƙaramar talabijin mai hoto baƙi da fari. In batir ya fara sanyi sai hoton ya riƙa tsukewa daga gefe, mu yi ta addu'a ya kai mu ƙarshen zango. Sai da na shiga sakandare na san hular Mario ja ce.

A jikin kaset an rubuta wai wasanni 9999 ne a ciki. Ƙarya ce tsagwaronta. Ba su fi a ƙirga da yatsu ba, ana ta maimaita su da sauya suna: Mario, da Contra na sojoji biyu, da na tankar yaƙi mai gadin mikiya, da na ɗan wasa mai tsallake zoben wuta a kan zaki, sai na harbin agwagi, wanda in ka kuskure wani kare zai leƙo daga ciyawa yana maka dariya. Babu yaron da bai taɓa auna karen nan da bindiga ba, kuma harsashi ba ya kama shi. In kaset ya ƙi tashi a zare a hura masa iska da baki, a mayar. Masana sun ce hurawar ba ta gyara komai, zarewa da mayarwar ne ke sa ƙarafunan su haɗu, amma ko yau ka miƙo mini kaset sai na hura.

Hannu biyu ne, mu kuwa mun cika zaure. Dole ta sa aka yi doka, ba wanda ya rubuta ta, ba kuma wanda ya isa ya karya: in ka mutu ka miƙa. Mario rai uku yake farawa da shi, Contra ma haka, kuma na'urar ba ta ajiye inda ka tsaya. Aka kashe, an koma farko. Saboda haka duk ilimin wasan a kan yara yake zaune. Wane ya san tubalin da naman kaza ke ɓoye a ciki, wane ya san bututun da ake shiga, wane ya gano cewa a zango na biyu, na ƙarƙashin ƙasa, in ka bi ta saman rufi za ka faɗa ɗakin da ke tsallakar da kai gaba. Mai riƙe da hannu shi kaɗai ke dannawa, amma zauren gaba ɗaya ke wasan. "Yi tsalle!" "Bos na nan gaba, kar ka ɓata wutarka!" Wanda bai samu layi ba ranar ba ya tashi da jin an cuce shi, don da bakinsa aka kai inda aka kai.

"Kawu, don Allah rai ɗaya kawai," in ji ni, kusan kullum.

"Ka cika wa Inna randa?"

Ba na jin an taɓa ɗebo ruwa da sauri a gidanmu kamar a shekarar nan. Yayata kuwa, da ba a barinta zaman zaure cikin maza, ta samu rabonta a Brick Game, ɗan ƙaramin nan mai batir biyu da tubala ke zubowa daga sama. Kwaikwayon Tetris ne, wanda Alexey Pajitnov ya ƙirƙira a Mosko a 1984. Tana tsaron tukunya tana jera tubala, kuma babu namijin gidan da ya taɓa kamo makinta.

A Birnin Kudu na san gidan gem na kuɗi. Shago ne da benci biyu, da talabijin mai ƙeya, da ƙaramin janareto yana hayaƙi a bakin ƙofa, da PlayStation ta farko, wadda Sony ya fitar a 1994. In idonta ya gaji ta ƙi karanta faifai, sai mai shago ya kifa ta, ta tashi. Akwai Mortal Kombat, akwai tseren mota, amma ƙwallo ce sarauniya: Winning Eleven na kamfanin Konami. Rubutun na Japananci ne, mai sharhin ma da Japananci yake ihu, mu kuwa mun haddace gurbin kowane abu ba tare da mun karanta harafi ɗaya ba. Zinaren da Najeriya ta ciyo a ƙwallon Olamfik a Atlanta a 1996 bai gushe a zukata ba, ga Kanu, ga Okocha, ga Amokachi. Sai dai a cikin gem gwarzon shi ne Tijjani Babangida, ɗan Kaduna mai buga wa Ajax a lokacin, wanda aka yi masa gudun da kusan babu mai kamo shi. Ka zura masa ƙwallo ta gefen dama, ka danne maɓallin gudu, shi ke nan. Har a Brazil da Indonesiya 'yan gem na wancan zamani sun san sunansa. Ga yaron da ya fito daga Unguwar Ya, ganin suna irin na gidansu a cikin na'urar Japan, kuma kowa na rige-rigen ɗaukarsa, ba ƙaramin abu ba ne.

Dokar shagon ita ce ta zaure, an ƙara mata kuɗi: wanda aka ci shi ke biya, wanda ya ci ya zauna. Yaro mai naira ashirin, in gwani ne, sai ya wuni a kan benci. Ɗan mai kuɗi, in hannunsa bai faɗa ba, ya biya ya tashi ana masa ihu. Samari daga Gwaram da Sara kan biyo motar kasuwa su zo gwada hannu, a yi ta maganar wasan har mako ya zagayo.

Ba zan ce duk alheri ne ba. An gudu daga aji saboda gem, an taɓa kuɗin cefane, an sayar da kazar da ba a ba da izini ba, wasu shagunan kuma caca ta shige su. Malamanmu na allo da iyayen da suka ɗaga bulala suna da hujjarsu. Da yawa daga wasannin ma ba su da wani kyau, wahala ce kawai aka cusa don kada a gama da wuri.

Da wayar salula ta shigo Najeriya a 2001, ta kuma ɗauki 'yan shekaru kafin ta game ƙauyuka, sai ga macijin Nokia 3310. Wannan kam har dattawa sun taɓa, a ɓoye.

Yanzu fa? PlayStation 5 ta fito tun 2020, hotonta har gumin ɗan wasa kana gani. Duk da haka zaga garuruwanmu ka leƙa gidajen gem, za ka tarar PlayStation 2, wadda ta fito a 2000, tana nan tana aiki, galibi da ƙwallon Konami ta wajen 2006 da aka sauya wa sunayen 'yan wasa da riguna. Ba mu kaɗai ba ne: a Brazil ma haka suke yi da wani gyararren Winning Eleven da suke kira Bomba Patch. A waya kuma samari na tura wa juna manhajar gem ta PPSSPP ta Xender don su buga wasannin da aka yi kafin a yaye su. An fi cewa kewar ƙuruciya ce ke jawo wannan. Ga irina, da furfura ta fara leƙowa, akwai ƙamshin gaskiya, don ina jin kiɗan Mario sai warin batir da ƙurar zaure su dawo mini. Amma yaron da aka haifa a 2012 kewar me yake yi?

Abin da na gani shi ne tsohon gem ya dace da zamanmu. An gama ƙera shi kafin a sayar, in ka saya ya zama naka. Super Mario gaba ɗayansa bai wuce kilobayit 40 ba, hoto guda a wayarka ya fi shi nauyi nesa ba kusa ba. Na yau kuwa sai ka sauke gigabayit gommai, gobe a ce ka sabunta, jibi a ce sayi ɗan wasa da dala. Konami da kansa ya mayar da ƙwallonsa eFootball a 2021, wadda daɗinta sai da intanet, ga kuɗin data da hukumar sadarwa ta NCC ta amince a ƙara da kashi 50 cikin ɗari a farkon 2025. Tsohon kuwa minti goma an tashi wasa, mai jira ya karɓa. Maɓallansa kaɗan ne, baƙo ya koya a zama ɗaya, amma gwaninta sai an shekara. Kuma abokin karawarka yana gefenka, kafaɗa na gugar kafaɗa, in ka ci shi kana ganin fuskarsa, gobe kuma za ku haɗu a masallaci. Dattawan da ke buga dara a gindin bishiya ba su taɓa neman a sabunta musu ita ba, ramukan nan dai da 'yan itacen nan, abin da ke sabo kullum shi ne wanda ya zauna a gabanka. Na ga yara huɗu a ɗaki ɗaya kowa ya duƙufa a kan wayarsa yana harbin wani da bai sani ba a wata ƙasa. Suna jin daɗinsu, ban hana ba, amma babu mai ce wa wani yi tsalle.

A ƙasashen masu arziki tsohon gem ya zama kayan tarihi. Nintendo ya sake fito da ƙaramar tsohuwar na'urarsa a 2016 aka yi wawarta, a 2021 kuma an sayi kaset ɗin Super Mario guda, wanda ba a taɓa buɗewa ba, dala miliyan 2. A nan kayan sana'a ne. Sony ya daina ƙera PlayStation 2 tun farkon 2013, bayan ya sayar da fiye da miliyan 150, don haka duk wadda ka gani a shago gwanjo ce, ta sha hannun masu gyara. Da idanun suka mutu aka koma loda wasanni a filas. Da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, janareto ya gagara, masu hali suka koma sola. Hannaye kuwa na Sin ne, ana lalatawa ana sayowa daga Kano. Bindigar agwagi ce kawai ta rasa mai ceto: da hasken talabijin mai ƙeya take aiki, ba ta jituwa da shafaffun talabijin na yanzu, masu ƙeyar kuwa 'yan gwangwan na ta fasa su suna cire tagulla.