Kwamfutocin da Muka Kusa Bai wa 'Yan Gwangwan

A hutun da ya wuce, mu huɗu da ke aji biyu a jami'a muka koma tsohuwar makarantarmu ta sakandare. Malamin kwamfuta ne ya kira mu. An ba makarantar kyautar tsofaffin kwamfutoci goma sha biyu masu Windows XP, yana so a haɗa su a layi ɗaya don 'yan aji shida su riƙa atisayen JAMB, wadda tun 2015 a kwamfuta kaɗai ake rubuta ta. Ba mu yi gardama ba, domin biyu daga cikinmu ranar jarabawar suka fara riƙe linzamin kwamfuta, kuma mun san abin da hakan ya jawo musu.

Muka ja kebul daga kowace kwamfuta zuwa suwic, wato akwatin da ke rarraba layi. Tara suka kama aiki lafiya lau. Uku suka ba mu ciwon kai: fitilar bayansu na ci, alamar layi ya haɗu, amma da an buɗe tambayoyi masu hotuna sai su yi ta jan ƙafa. Shugaban makaranta ya ce idan ba su gyaru zuwa Juma'a ba, 'yan gwangwan za su kwashe su.

Da farko mun zargi katin sadarwar da ke ciki, har muka yi karo-karo muka sayo sabo. Muna buɗe kwamfutar muka ga ba zai shiga ba. Katin na ramin PCI Express ne, ita kuwa tsohon ramin PCI kaɗai gare ta. Kuɗinmu ya tafi a banza.

Daren Laraba muka koma littafinmu na darasi. Ashe katin sadarwa yana da yanayin magana iri biyu. Na farko kamar oba-obar 'yan sanda ne: ɗaya ya yi magana, ɗaya ya jira. Na biyu kamar wayar salula ne, kowa na iya magana da saurare a lokaci guda. Tun 1995, lokacin da aka fito da layi mai gudun megabit 100, aka tsara cewa kati da suwic su fara gaisawa su daidaita gudu da yanayi da kansu. To amma idan aka ɗaure kati a kan yanayi ɗaya, sai ya daina wannan gaisuwar. Suwic zai gane gudunsa, amma ba zai san yanayinsa ba, don haka sai ya koma irin na oba-oba. Kwamfuta na zuba magana ba jira, suwic na ɗauka karo aka yi, yana katse saƙo yana sake aikawa. Ƙaramin saƙo zai wuce, babba ya maƙale.

Da safe muka shiga Device Manager, muka buɗe katin, muka duba layin Speed & Duplex. Duk ukun an ɗaure su a kan 100 Full, wataƙila tun a ofishin da suka fito. Muka mayar da su Auto. Ko minti biyar ba a yi ba, tambayoyin suka fara buɗewa nan take. Malam ya dube mu ya ce, "Yanzu wannan ne ya hana ku barci?"

Ƙannenmu, idan tsohuwar kwamfuta ta yi muku haka, kada ku fara da zuwa kasuwa. Ku duba fitila, ku canza kebul, ku leƙa saitin katin. In sayen ya zama dole, ku buɗe murfin ku ga irin ramin tukuna.

Ranar Juma'a mai gwangwan ya zo da kurarsa, ya tarar da 'yan mata uku zaune a gaban kwamfutocin suna amsa tambayoyin lissafi. Sabon katin nan kuwa yana nan a durowar Malam, muna neman mai saye.