Turba da gwadabe: shawara a kan tafiya cikin Screeps

Na shiga wasan Screeps ne domin neman abin da zai sa ɗalibaina su so rubuta umarnin kwamfuta, sai ni wasan ya kama. A cikinsa ba a tura mayaƙa da yatsa. Mutum yakan rubuta dokoki da harshen JavaScript, ƴan aikensa su bi su dare da rana, ko yana barci. Filin ya kasu ɗaki-ɗaki, kowane ɗaki gida 50 a tsaye, 50 a kwance, kamar dara mai faɗi.

Ga yadda tafiya take. Kowane ɗan aike gaɓoɓi ne aka haɗa: ta aiki, ta dako, ta tafiya da sauransu. In ya taka gida ɗaya, kowace gaɓa da ba ta tafiya ba takan jawo masa gajiya: 1 a kan titi, 2 a fili, 10 a fadama. Gaɓar dako in babu kaya ba ta jawo komai. Gaɓar tafiya kuwa tana sauke gajiya 2 a kowane bugun agogon wasan, kuma ba ya motsi sai gajiyar ta ƙare. Ke nan mai gaɓar aiki ɗaya, ta dako ɗaya cike, ta tafiya ɗaya, zai ci bugu 10 kafin ya ƙetare gida guda na fadama, alhali rayuwarsa duka bugu 1500 ce.

Wannan lissafi ne ya ci ni. Mahaƙar makamashina tana bayan fadama, kuma gina titi a fili 300 ne, a fadama 1500. Ban da abin ginawa saboda masu dakona sun maƙale a laka, sun kuwa maƙale ne saboda ban gina ba. Kafin in farga, maƙwabci ya share ni.

Da nake juya abin a raina, sai kalmominmu suka ba ni haske. Hausa ta raba gwadabe da turba. Gwadabe babbar hanya ce ta kowa. Turba kuwa sawu ke haifar ta: wanda ya taɓa bin mata zuwa rijiya ya san ba wanda ya zana ta, kuma in aka daina bi, damina ɗaya ta isa ciyawa ta cinye ta. Wasan ya san gwadabe, bai san turba ba. Ƙafa dubu za ta bi fadama, ta dubu da ɗaya ta same ta kamar ba a taɓa takawa ba.

Shawarata ita ce a ba ƙasa ikon tuna sawu. Duk taku 50 a gida ɗaya na fadama, gajiyarsa ta ragu da 1, har ta sauka zuwa 5, kada ta wuce nan. In aka ƙaurace masa, ta riƙa komawa 10 sannu a hankali.

Na san abin da za a ce. Na farko, titi zai rasa daraja. Ba zai rasa ba, domin 5 ninki biyar ne na 1. Na biyu, na'urar da ke riƙe da wasan za ta ɗauki nauyin ƙirga sawu gida-gida. Wannan gaskiya ne, shi ya sa na tsaya ga fadama kaɗai. Na uku, abokin gaba zai karanta turbarka ya san inda zai yi maka kwanton ɓauna. Wannan ni ribarsa nake gani: sai ka zaɓa tsakanin sauƙin hanya ɗaya da sirrin hanyoyi da yawa, ka rubuta zaɓin da hannunka.

Makon jiya na ba ɗalibai wannan doka su gwada a kan takarda. Wata daga cikinsu ta tambaye ni: “Malam, in maƙiyi ya bi turbata, shi ma za ta sauƙaƙa masa?” Na ce mata i, turba ba ta tambayar mai ƙafa.