Agogunan Da Ba Namu Ba

 

Bayan rasuwar mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, mai shago ya ba mu wa'adin wata guda mu kwashe kayan rumfarsa ta gyaran agogo da ke Kasuwar Sabon Gari a Kano. Yayyena suka ce ni ne na zauna da shi ina yaro, saboda haka aikin nawa ne.

Na tarar da teburinsa kamar yadda ya bar shi: gilashin da yake maƙalawa a ido ɗaya, hantsaki, sukudirebobi sirara kamar allura, da gwangwanayen madara cike da sifirin da fuskokin agogo. Yawancinsu na agogon da ake murɗawa kowace safiya ne, sana'ar da ta fara ja da baya tun da Seiko ta fitar da agogon hannu mai batir a 1969. Da wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001, sai aikin Baba ya koma canjin batir da maɗauri. Duk da haka ko ƙusa ɗaya bai zubar ba.

Kayan aikin ba su wahalar da ni ba, na haɗa su wuri guda domin rabon gado. Abin da ya tsayar da ni yana cikin durowar ƙasa: agoguna 23, kowanne da 'yar takarda ɗaure da zare, an rubuta sunan mai shi da ajami. An gyara su, masu su ba su dawo ba.

Wani yayana ya ce a zuba su cikin gado, tunda shekaru sun ja. Ni ma, ban ɓoye muku ba, idona ya tsaya a kan wani Rado. Malamin da muka tambaya ya ce ajiya ba ta shiga dukiyar mamaci, ya tunatar da mu aya ta 58 a Suratun Nisa'i, wadda ta yi umarni da mayar da amana ga masu ita. Ya ce mu nemi masu su ko magadansu. In mun yanke ƙauna, mu sayar mu yi sadaka da niyyarsu, wanda ya bayyana daga baya mu biya shi in bai yarda ba.

Na sami mutum 6. Mai Radon ya rasu, ɗansa na miƙa wa. Ya juya takardar ya ga kuɗin gyara naira 40 ba a biya ba, ya rantse sai na karɓa. Na rubuta su cikin gado.

Saura 17. Wata takardar ba ta ce komai ba sai "Alhaji mai goro". Na bar cigiya wajen telan da ke maƙwabtaka da rumfar, ranar Asabar kuma zan shiga wajen 'yan goro in tambaya.