Ɗigon da ya tsaya a bakin gilashi

A shekarar 1997, a cibiyar bincike ta Oak Ridge da ke jihar Tennessee ta Amurka, Michael Ramsey da Roswitha Ramsey suka nuna cewa ana iya fesa ruwa kai tsaye daga gefen wani ɗan fallen gilashi zuwa bakin na'urar auna nauyin ƙwayoyin sinadari. Burinsu shi ne haɗa kayan aiki biyu, waɗanda kowanne yake da abin da ɗan'uwansa ya rasa.

Na farko shi ne gilashin. Ana sassaƙa masa magudanar da faɗinta bai wuce kaurin gashin kai ba. Idan aka cika ta da ruwa, aka sa mata wutar lantarki mai ƙarfi, sai ƙwayoyin da ke cakuɗe su kama tafiya, kowace da saurinta gwargwadon cajinta da girmanta, su iso mafita rukuni-rukuni cikin daƙiƙu ko 'yan mintuna. Gilashin yana rarrabewa, amma ba ya faɗin sunan abin da ya rarrabe. Wannan aikin na'urar auna nauyi ne, ita kuwa ba ta karɓar ruwa, sai ƙwayoyi masu caji a cikin iska. Abin da ke sada su shi ne feshin lantarki, dabarar da ta sa John Fenn ya samu kyautar Nobel a 2002.

A nan gizo ke saƙar. Ruwan da ya fito daga shafaffen gefen gilashi yakan bazu a kansa, ya taru ya zama ɗigo. Ɗigon ƙarami ne a ido, amma ya isa ya haɗiye rukuni fiye da ɗaya, sai abin da aka rarrabe ya sake gaurayewa a ƙofar fita. Wasu masana suka riƙa liƙa wa gilashin siririn bututu, sai dai mahaɗar takan bar ɗan gurbin da ruwa ke kwanciya. Ga kuma gishirin da aka saba zuba wa ruwan rarrabewa: ba ya tashi a iska, yana dushe sakamako. Dole aka koma ga masu tashi, irin su asid ɗin fomik.

Sai a 2008 Ramsey da abokan aikinsa a Jami'ar North Carolina suka bayyana mafita mai sauƙi: a kai bakin magudanar ga kusurwar gilashin. Kusurwa tana da tsini, ruwa ba ya samun wurin bazuwa, feshi ya tashi ba tare da an liƙa komai ba. Kamfanin 908 Devices, wanda Ramsey yake cikin waɗanda suka kafa shi a 2012, ya fitar da na'urar kasuwa da sunan ZipChip.

Masu haɗa magungunan furotin, kamar wasu na ciwon daji, suna bukatar sanin ko ƙwayar maganin ta ɗan sauya yayin sarrafawa, domin sauyi kaɗan kan iya rage ƙarfinsa. Irin wannan bambanci ne ɗigon nan yake shafewa. Shekara 11 aka yi kafin a kawar da shi daga bakin gilashin.